Zaɓen LMA da Saka Ta a Ɗakin Tiyata: Classic, ProSeal, Supreme ko i-gel?

Ƙannenmu masu ba da maganin barci a asibitocin Katsina da Daura, da waɗanda aka tura Mani da Mashi, tambaya guda suke ta maimaita mini. Kabad ɗin tiyata ya tara LMA iri-iri, wato na'urar da ake sawa ta baki don iska ta riƙa shiga huhun wanda aka sa wa barci: ga tsohuwar LMA Classic, ga i-gel da dila ya kawo daga Kano, ga Supreme biyu ko uku da aka samu kyauta. Wacce za a ɗauka, kuma wa za a sa wa? Ga yadda nake bi, daki-daki. Na rubuta ne domin wanda ya riga ya iya ba da numfashi da mas ɗin fuska da jakar hura iska, kuma ya iya zura tiyub a maƙogwaro. Wanda bai kai nan ba, kada ya sa wa kowa barci shi kaɗai, ko wace na'ura ce a hannunsa.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Duk dangin LMA a bakin maƙogwaro suke zama, ba sa wuce igiyoyin murya. Faifai ne a bakin ƙwarya, ya rufe amma bai toshe ba. Tiyub mai balan-balan ne ke shiga ciki ya datse tsakanin abin da ke tumbi da huhu.

1. Fara da tumbi

Kafin ka buɗe kabad, je ka zauna kusa da majinyaci ka yi tambaya da bakinka, kada ka dogara da abin da ke cikin fayil. Ƙa'idar azumin tiyata sananniya ce: awa 6 daga abinci, awa 8 idan nama ne ko abu mai maiƙo, awa 4 ga jaririn da ke shan nonon uwa, awa 2 daga ruwa zalla. Inda ake samun cikas shi ne abin da mutanenmu ke kira abinci.

"Baba, yaushe rabonka da abinci?"

"Tun tuwon jiya da isha'i, ɗana."

"Da asuba fa, ko ɗan kunu ba a ba ka ba?"

"Kunu dai Hajiya ta dama, na ɗan kurɓa. Ai wannan ba abinci ba ne."

Abinci ne. Kunu, koko, fura da nono, shayi mai madara, duk awa 6 suke nema, don haka ka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya. In yaro ne, ka ja uwar gefe ka tambaye ta cikin lallashi. Tausayi kan sa ta ba shi wani abu idan ya dame ta da kuka, kuma ba za ta faɗa a gaban jama'a ba.

Akwai kuma waɗanda ko yaushe rabonsu da abinci, a matsayin masu cikakken tumbi ake ɗaukarsu: mai naƙuda, mai juna biyu da cikin ya wuce wata huɗu, wanda hanjinsa ya toshe ko ya huje saboda taifot, mai gwaiwar da hanji ya maƙale a ciki, mai yawan amai, mai ƙwannafin da ke tashinsa daga barci, da mai ciwon suga da ya daɗe yana fama. Wanda ya yi hatsarin mota ko babur, lissafinsa daga cin abinci ne zuwa lokacin hatsarin, domin ciwo da firgici suna tsayar da tumbi, allurar fentazosin ko taramol da aka yi masa a ɗakin gaggawa kuma ta ƙara tsayar da shi.

Hattara: duk wanda ya faɗa cikin waɗannan, tiyub ne nasa, ko allurar baya mai kashe ƙasan jiki idan aikin ya yarda. Babban binciken da aka fitar a Birtaniya a 2011, mai suna NAP4, ya nuna cewa shigar abin ciki cikin huhu shi ne kan gaba wajen kashe mutane a matsalolin hanyar numfashi lokacin barcin tiyata, kuma da dama daga cikinsu an sa musu LMA ta tsohon yayi, irin su Classic, alhali akwai alamar haɗari tun farko.

2. Duba baki, wuya da ƙirji

Ka ce ya buɗe baki. In tsakanin haƙoran sama da na ƙasa bai kai santimita 2 ba, da wuya wata ta shiga. Duba haƙori mai girgiɗi, haƙoran roba, da haƙorin Makka, ka gaya masa tun yanzu cewa ka gani. Ƙari a baki ko maƙoshi, ƙurji a ƙasan harshe, ko maƙoƙon da ya danne hanyar iska ta ƙasa, duk sun fitar da LMA daga lissafi, domin toshewar za ta hana ta shiga, ko kuma tana inda ba za ta kai ba. Mai cikar gemu kuwa, wanda mas ba ya kama fuskarsa, da tsohon da haƙoransa suka zube, su ne suka fi more ta.

Sai ka tambayi kanka ƙarfin da za ka buƙata kafin iska ta shiga huhun nan. Mai ƙiba sosai, mai asma da ƙirjinsa ke fito, wanda za a sunkuyar da kansa ƙasa, ko wanda za a hura wa iska a ciki don aikin madubi, duk huhunsu ba ya buɗewa da sauƙi. Wannan amsar ce za ta raba maka na'urorin a mataki na gaba. A lokacin hunturu, yaro mai mura da tari maƙogwaronsa na saurin kullewa. In aikin na iya jira, a ɗaga shi. In ba ya jira, LMA ta fi tiyub sauƙi a kan irin wannan maƙogwaron.

3. Zaɓi iri

Abu uku nake dubawa: shin tana da ramin tumbi (bututu na biyu da abin ciki zai bi ya fito), matsin iska nawa take riƙewa kafin ta fara yoyo, kuma sau nawa ake amfani da ita.

LMA Classic da takwarorinta na yarwa, irin su Unique da AuraOnce, bututu ɗaya gare su, na iska kawai. Suna fara yoyo ne idan matsin iska ya kai wajen santimita 20 na ruwa, da haka ake auna shi. Wurinsu gajeren aiki ne ga siririn mutum da ya yi azumi kuma yana numfashi da kansa: kaciya, cire ƙullutu a nono, fasa maruru, wankin ƙuna, ɗaurin karaya da aka tsara. Classic ta silikon ce, ana dafa ta a sake amfani da ita har sau 40. Da zarar ka matsa jaka ya wuce 20, iska za ta fara bin hanyar abinci, tumbi ya kumbura, abin da ke ciki ya taso ba shi da mafita sai cikin kwanon na'urar, daidai bakin maƙogwaro.

ProSeal ita ce ta fara gyara wannan. Tana da bututu na biyu da ke buɗewa a kan hanyar abinci, da wurin cizo a jikinta, kuma tana riƙe matsi har wajen 30. Ita ma sau 40 ake dafa ta. Idan za ka ɗauki numfashin majinyaci a hannunka ko a inji na awa ɗaya ko biyu, a ganina har yau ba ta da na biyu. Aibinta wahalar shiga. Balan-balan ɗinta babba ne mai laushi, bakinta kan naɗe ya koma baya, kuma idan ya naɗe ramin tumbi ya toshe, ta zama Classic ba ka sani ba. Tana son hannun da ya saba.

Supreme ta yarwa ce, an lanƙwasa ta daidai da lanƙwasar baki da maƙoshi, tana da ramin tumbi da wurin cizo da ɗan marikin da ake ɗaura filasta a kai. Tana shiga da sauƙi, riƙon matsinta ya fi na Classic amma bai kai na ProSeal ba. Ramin iskarta ƙunci ne da shi, ba a zura tiyub ta cikinta kai tsaye.

I-gel ba ta da balan-balan ko kaɗan. Kanta wata roba ce mai laushi da aka ƙera da siffar bakin maƙogwaro, ba hurawa ba sacewa, ba sirinji. Tana da ramin tumbi, in ban da lamba 1, tana da wurin cizo, riƙon matsinta yawanci tsakanin 24 da 30 ne, kuma ramin iskarta yalwatacce ne. Don saurin shiga da ƙarancin ciwon maƙoshi bayan aiki, ita nake miƙa wa sabon hannu. Amma idan girman da ka ɗauka bai dace ba, babu iskar da za ka ƙara ka gyara, sai dai ka canza lamba. Ramin tumbinta ma siriri ne. Masu ƙera ta sun ce kada ta wuce awa 4 a baki. AuraGain ta kamfanin Ambu tana tsakanin Supreme da i-gel: balan-balan, ramin tumbi, da rami mai faɗin da tiyub zai bi.

Biyu kuma na aiki na musamman ne. LMA Flexible mai waya a jikin bututu tana lanƙwasuwa ta kauce wa likita a aikin ido, hanci ko haƙori, amma ta fi kowacce wuyar sakawa. Fastrach mai mariƙin ƙarfe an yi ta ne don a zura tiyub ta cikinta ba tare da an ga maƙogwaro ba, lambobinta 3, 4 da 5 kawai.

Ra'ayina a fili yake: in akwai mai ramin tumbi a kabad, ita ce ta farko ga kowane babba, Classic ta zama ta ƙananan ayyuka.

Hattara: ramin tumbi yana rage haɗari ne, bai mai da cikakken tumbi wofi ba. Kada samun i-gel ya sa ka tsallake mataki na 1. Haka kuma zura tiyub a makance ta cikin i-gel ko AuraGain ba abin dogaro ba ne, da madubin igiya mai lanƙwasa ake yin sa.

4. Ɗauki lamba

A ɗora majinyaci a sikeli, kada a yi kintace. Ga Classic da danginta: lamba 1 ƙasa da kilo 5, lamba 1.5 kilo 5 zuwa 10, lamba 2 kilo 10 zuwa 20, lamba 2.5 kilo 20 zuwa 30, lamba 3 kilo 30 zuwa 50, lamba 4 kilo 50 zuwa 70, lamba 5 kilo 70 zuwa 100. Iyakar iskar da ake hurawa, bi da bi: mil 4, 7, 10, 14, 20, 30, 40.

Na i-gel daban ne: lamba 1 kilo 2 zuwa 5, lamba 1.5 kilo 5 zuwa 12, lamba 2 kilo 10 zuwa 25, lamba 2.5 kilo 25 zuwa 35, lamba 3 mai ruwan ɗorawa kilo 30 zuwa 60, lamba 4 koriya kilo 50 zuwa 90, lamba 5 mai ruwan lemo sama da kilo 90. Iyakar iskar Supreme da AuraGain a rubuce take a jikinsu, ka karanta. Ta Supreme ba ɗaya take da ta Classic ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ƙarama don ta fi saurin shiga, sannan a cika ta da iska don a toshe yoyo. Babba da iska kaɗan ta fi ƙarama da iska mai yawa kamawa. Ga mai ƙiba, ka bi tsawonsa da girman muƙamuƙinsa, domin maƙogwaro ba ya girma da teɓa. Ka ajiye lamba ɗaya sama da ɗaya ƙasa kusa da hannu.

5. Haɗa kaya, gwada na'ura

A kan tire: na'urar da ka zaɓa da na canji, sirinji mai mil 20 ko 50, man shafawa mai ruwa irin su K-Y, filasta, gozin da aka naɗe don cizo idan Classic ce, bututun tumbi, laringoskop mai haske na leƙa maƙogwaro, tiyub biyu, buji (siririyar sandar da ke yi wa tiyub jagora), da saksametoniyam mai sassauta tsoka da atrofin mai ɗaga bugun zuciya da rage yawu a zuƙe. Kunna injin zuƙa ka ji ƙarfinsa a tafin hannunka, ka san abin da za ka yi idan wuta ta ɗauke. In da konsantireta, injin tace oksijin daga iska, kake aiki, tukunyar oksijin ta kasance a tsaye da ma'auninta. Oksimita mai auna oksijin na jini a yatsa kafin allura, kafnogiraf mai nuna iskar da ke fitowa daga huhu kuma in akwai shi a jona.

Mai balan-balan, musamman wadda aka sha dafawa, gwaji huɗu ne. Leƙa cikin bututu ko akwai busasshen datti. Lanƙwasa shi har kai da gindi su kusa haɗuwa, in ya karye ya toshe, ta gama aiki. Sace iskar ƙaf ka jira ka ga ko za ta koma da kanta. Sannan hura fiye da iyakarta da rabi, ka duba yoyo ko kumburi a gefe ɗaya. Bayan nan ka kifa ta a kan tire mai tsabta, ka danna da yatsu kana zuƙe iskar, har ta zama shafal babu tattara, bakinta na kallon baya.

Mai balan-balan a bayanta kawai ake shafa mata mai. I-gel ana shafa mata baya da gefe da gaba, siriri, ba a bari ya taru a kwanon.

Hattara: dunƙulen mai a cikin kwano kan faɗa kan igiyoyin murya ya jawo tari ko kullewa. Kada a yi amfani da basilin ko mai na silikon, suna lalata robar.

6. Bari barci ya yi nauyi

Rabin wahalar da ake ɗora wa na'ura daga nan take. Ba da oksijin da mas minti 3. Cikin alluran sa barci, furofofol ne abokin LMA, domin yana kwantar da maƙogwaro fiye da sauran: miligiram 2 zuwa 2.5 kowane kilo ga babba mai lafiya, ƙasa da haka ga tsoho da mai rauni, sama da haka ga yaro. Ɗan fentanil kafin shi yana sauƙaƙa shiga. Ka sa ran numfashi zai ɗauke na ɗan lokaci, awon jini kuma zai sauka.

Tayofenton shi kaɗai ba ya kwantar da maƙogwaro, sai ka bi shi da halotan ko aisofuloren ta mas na 'yan mintoci. Ketamin, wanda da yawanmu muka fi samu, yana barin maƙogwaro a farke, ga yawan yawu. Idan shi ne a hannunka, ba da atrofin tukuna, ka haɗa shi da ɗan furofofol ko maganin shaƙa, kada ka cusa na'ura a kan ketamin zalla. Yaron da ka sa wa barci da halotan, jira ƙwayar ido ta dawo tsakiya, numfashi ya daidaita, kunnenka na kan bugun zuciya domin halotan na rage shi.

Gwajin da na fi yarda da shi: sa yatsu bayan kusurwar muƙamuƙi ka ɗaga da ƙarfi. In ya motsa, ya ɓata fuska ko ya riƙe numfashi, bai kai ba. Rufewar ido da rashin ƙiftawa ba su isa shaida ba.

7. Sakawa

Matashi ƙarƙashin ƙeya, wuya ya ɗan sunkuya gaba, kai ya ɗaga baya.

Classic: riƙe ta kamar biro, ɗan alinka a mahaɗar bututu da balan-balan, kwanon na kallon harshe. Manna bayanta da ganɗa, ka tura kana dannawa sama da baya, yatsan na bin ganɗa har ya shige iyakarsa. Kama bututu da ɗaya hannun kafin ka zare yatsa, ka ƙara turawa a hankali har ka ji ta tsaya. Baƙin layin da ke jikin bututu ya kalli hanci, a tsakiya. A yara, in ta ƙi wuce bayan harshe, shigar da ita a kife ka juya ta a maƙoshi, ko ka bar ɗan iska a ciki.

I-gel: kama wurin cizo, kwano na kallon haɓa, mai taimaka maka ya danna haɓa ƙasa. Zame ta ta bi ganɗa da turi ɗaya mai ɗorewa har ta tsaya, ba a sa yatsa a baki. A manya, haƙoran gaba su sauka kusa da baƙin layin da ke gicciye. In ta tsaya da wuri, harshe ne ya naɗe a gabanta. Ce wa mai taimako, "Sista, ɗago mini muƙamuƙi," sai ta wuce.

Supreme da AuraGain: kai ya fi zama a miƙe, ka riƙe ta waje ka juyo da ita ciki, ta bi lanƙwasarta. Mariƙin Supreme ya tsaya kamar faɗin yatsa daga leɓen sama. In ya danne leɓe ta yi ƙarama, in ya yi nisa ta yi girma.

ProSeal: da yatsa ko da ƙarfenta na sakawa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce buji: shafa masa mai, zura miƙaƙƙen bakinsa ta ramin tumbi, ɗaga harshe da laringoskop a hankali, sa buji a hanyar abinci kana gani, sannan ka zame na'urar a kansa. Haka bakinta ba ya naɗewa.

Hattara: ba a yin ƙarfi. Jini a jikin na'ura shaida ce an ji wa maƙoshi ciwo. Gwaji uku ne iyaka, kuma tsakanin kowane biyu ka koma mas, ka canza wani abu: zurfin barci, lamba, ko iri.

8. Hura, sannan ka tabbatar

Saki bututu yayin hurawa. Za ka ga ya ɗan taso waje, wuya ya ɗan cika ta gaba. Fara da rabin iyakar, ka ƙara mil 2 ko 3 har yoyo ya tsaya. Adadin da ke rubuce iyaka ce, ba a ce sai ka kai can ba. Matsin cikin balan-balan kada ya wuce santimita 60 na ruwa, kuma ma'auni ne ke faɗin gaskiyarsa. Taɓa ƙaramin balan-balan na waje da yatsa yaudara ce. Iska mai yawa tana sa robar ta ƙage ta daina kamawa, ta bar majinyaci da ciwon maƙoshi, wani lokaci har ta danne jijiya ya tashi harshe a mace ko murya a dishe.

Jona, matsa jaka a hankali. Ƙirji ya tashi ɓangare biyu, jaka ta koma ta cika, kafnogiraf ya zana tudu mai faɗin kai numfashi bayan numfashi. Saurara a wuya, a hammata biyu, da kan tumbi. Oksimita tana makara: bayan ka cika huhu da oksijin, tana iya nuna 99 na mintoci alhali iska ba ta shiga.

Auna riƙonta. Rufe bawul ɗin fitar da iska, sa iska lita 3 a minti, ka zuba wa ma'auni ido har allurar ta tsaya ko ka ji yoyo a baki. Wannan lambar ce ƙarfin na'urar a wannan majinyacin. Kada ka bari ya haura 40, kuma kada ka manta ka buɗe bawul. Matsin da kake ba da numfashi da shi ya zauna ƙasa da ita da tazara. In tana yoyo a 16 kai kuma kana buƙatar 20, canza ta tun ba a yanka ba.

Masu ramin tumbi suna da ƙarin gwaji, kuma shi ne ake yawan tsallakewa. Ɗiga ɗan mai a bakin ramin. In ka matsa jaka ya yi kumfa ya fito, na'urar ba ta shiga sosai ba. In ka danna ramin wuya da ke saman ƙashin ƙirji ka ga man yana motsi sama da ƙasa, bakinta na inda ya dace. Sannan zura bututun tumbi: lamba 12 ga i-gel 3 da 4, lamba 14 ga i-gel 5. Ya wuce sumul, ka zuƙe abin da ke ciki. In ya ƙi, bakin ya naɗe, fitar da ita ka sake. Ɗaure da filasta daga kunci zuwa kunci, kana ɗan danna ta ciki. Classic a sa mata gozin cizo a gefen turame, ba lanƙwasasshen bututun baki na Guedel ba.

9. Tsaro har a gama

Nauyin bututun inji kada ya ja ta gefe. Duk lokacin da aka juya kai ko aka gyara kwanciya, sake saurare. In kana ba da numfashi, mil 6 zuwa 8 kowane kilo ya isa. Mai amfani da iskar barci ta naitiros ya riƙa duba matsin balan-balan, domin yana ratsa robar ya ƙara kumbura balan-balan.

Idan aka yanka sai ka ji ƙara kamar kukan zakara, jaka ta yi tauri, galibi barci ne ya yi sauƙi maƙogwaro ya kulle. Ce wa likita, "Ranka ya daɗe, a ɗan dakata." Oksijin zalla, ɗago muƙamuƙi, riƙe ɗan matsi a jaka, ƙara furofofol kaɗan. In oksijin na sauka bai saki ba, saksametoniyam, atrofin a kusa musamman ga yaro. In ka zurfafa barci har yanzu iska ba ta shiga, murfin maƙogwaro ne ya naɗe ko na'urar ta goce, cire ka koma mas.

Ruwan ciki a ramin tumbi, ramin ya yi aikinsa, zuƙe. Ruwan ciki a bututun iska kuwa gaggawa ce: kai ƙasa, juya shi gefe in zai yiwu, cire mahaɗin ka zuƙe, oksijin zalla, zurfafa barci, ka shirya tiyub. Kada ka matsa jaka da ƙarfi kafin ka zuƙe.

10. Idan tiyub ya ƙi shiga

Nan ne LMA ke ceton rai har ga mai cikakken tumbi, domin rashin iska ya fi amai saurin kisa. Ƙa'idar da ƙungiyar masana wahalar hanyar numfashi ta Birtaniya ta fitar a 2015 ta ce bayan gwaji uku da laringoskop, da ƙarin ɗaya daga wanda ya fi ka ƙwarewa, a tsaya a sa mai ramin tumbi, ita ma gwaji uku. Ga mai haihuwa ta tiyata an rage: biyu da laringoskop, na uku sai ƙwararre, biyu da LMA. Mai taimakon da ke danna maƙogwaro ta waje don hana abin ciki tasowa ya saki yayin sakawa, in ba haka ba bakinta ba zai samu wurin zama ba. Da iska ta shiga, ku tsaya ku yi shawara da likita: a tashe ta, ko a ci gaba saboda ran uwa ko na ɗa. Saboda wannan nake cewa ko da allurar baya za a yi aikin, i-gel 3 da 4 su kasance a kan tire. A teburin farfaɗo da jarirai ma a ajiye lamba 1, tana aiki ga wanda ya kai kilo 2 idan mas ya gaza.

11. Cirewa

Kashe maganin shaƙa, ba da oksijin, ka ƙyale shi. Kada a jijjiga shi, kada a zuƙe maƙoshi yana tsakanin barci da farkawa, kada a cire gozin cizo. Kira shi yadda ya saba ji: "Malam, an gama, buɗe bakinka." "Inna, buɗe baki." In ya buɗe da kansa, zare ta da ɗan iska a ciki don ta kwaso yawun da ya taru a kanta. Haɗiya kaɗai ba ta isa alama ba. A yara wasu sun fi son cirewa cikin barci mai nauyi, a kwance a gefe. Duka biyun hanya ce, tsakiyarsu ce haɗari.

Hattara: saurayi mai ƙarfi da ya cije bututu yana jan numfashi zai iya jawo ruwa ya cika huhunsa, ka ga kumfa ja-ja. In ya cije, sace iskar balan-balan nan take don iska ta bi gefe.

12. Wanki da lissafin kuɗi

Classic da ProSeal: a wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi tun majina ba ta bushe ba, a bi ramukan da ɗan burushi, a ɗauraye. A sace iskar ƙaf dab da sa ta a otokilef, tukunyar dafa kayan tiyata, domin ragowar iska ko ruwa na fasa balan-balan a zafin digiri 134. Kada a jiƙa ta a ruwan kashe ƙwayoyin cuta na Cidex ko fomalin, silikon na shanye su ya ƙone maƙoshin mai zuwa. Kowacce da katinta, a ja layi duk dahuwa, a 40 a yar.

Unique, Supreme, AuraGain da i-gel na mutum ɗaya ne. Ba sa jure otokilef, kuma ruwan bilic ba ya tabbatar da tsabtar siririn ramin tumbi. A inda ciwon hanta da tarin fuka suke yawo, wanke ta a sa wa wani ba tattali ba ne.

Farashi na bin dala, don haka lissafin da zai yi maka amfani shi ne wannan: raba kuɗin mai dahuwa gida 40, ka ƙara kuɗin wanki da wuta, ka gwada da kuɗin ta yarwa guda. Inda otokilef ke aiki kullum, ProSeal da Classic kan fi sauƙi a kan majinyaci. Inda ba shi da tabbas, ta yarwa ce gaskiya. In dangi ne za su sayo, rubuta musu suna da lamba ɓaro-ɓaro, ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC da hatimin leda kafin ka karɓa. A ajiye su a inuwa nesa da taga, zafin bazarar Katsina na lalata roba a cikin but ɗin mota.

Ga ƙaramin ɗakin tiyata mai gado ɗaya, abin da zan fara rubutawa a takardar oda shi ne i-gel 3, 4 da 5 da ba a taɓawa sai gaggawa, ProSeal 3 da 4 na aikin yau da kullum, Classic daga 1 zuwa 2.5 na yara, da ma'aunin matsin balan-balan guda ɗaya.